Yadda Ake Saita ISO a Kyamara, Daga Ranar Ƙofar Kudu Zuwa Duhun Zauren Biki

Duk wanda ya taɓa riƙe kyamara ya san haruffan nan uku, ISO, da lambobin da ke biye da su, daga 100 zuwa 200 zuwa 400 har a kai dubbai. Abin da ake fara gaya wa yaron da ke koyon sana'ar hoto a Kano shi ne ya ƙara lambar idan wuri ya yi duhu, ya rage ta idan rana ta fito. Gaskiya aka gaya masa, sai dai rabinta. Ɗaya rabin shi ne cewa ISO ba ya ƙara wa kyamara ko ɗigon haske, iyakarsa ya kumbura abin da aka riga aka samu, kuma wanda bai gane wannan ba zai ci gaba da ɗora wa kyamararsa laifin da ba nata ba.

Sunan ya samo asali ne daga hukumar daidaita ma'aunai ta duniya mai hedikwata a Janiba. A zamanin fim, Amurka tana auna saurin kamun haske da ma'aunin ASA, Jamus kuma da DIN, sai aka haɗe su a 1974 a ƙarƙashin sunan ISO, shi ya sa har yau za ka ji tsofaffin masu hoto suna cewa "asa nawa ka sa?" A wancan lokacin idan ka sayi fim mai lamba 100, to da shi za ka zauna har hotuna 36 ɗin su ƙare, ko da dare ya riske ka. Kyamarar zamani ta gaji lambobin ne ta ƙa'idar ISO 12232 wadda aka fara fitarwa a 1998, domin masu hoto su ci gaba da lissafin da suka saba da shi, amma abin da ke faruwa a cikinta ya sha bamban da na fim.

Ga yadda yake. A bayan gilashin kyamara akwai wani ɗan faranti da ake kira sensa, wanda aka jera wa miliyoyin ƙananan ramuka masu tarar haske. Ka ɗauka an jera ƙoƙuna a tsakar gida ana tarar ruwan sama. Idan mamako aka yi, kowane ƙoƙo zai cika kusan daidai da ɗan uwansa. Idan kuwa yayyafi ne na ɗan lokaci, wani zai samu ɗigo takwas, na kusa da shi ya samu goma sha biyu, alhali a wuri ɗaya suke. Haka haske yake zuba, ƙwaya-ƙwaya, ba a bisa tsari ba. Lissafin ma sananne ne: ramin da ya tara ƙwayoyi 100 yana iya saɓawa da maƙwabcinsa da kamar 10, wato kashi 10 cikin ɗari, amma wanda ya tara 10,000 saɓaninsa kamar 100 ne kawai, kashi 1 cikin ɗari ke nan. Wannan saɓanin shi ne yashi-yashin da kake gani a hoton dare, musamman a wuraren inuwa. Idan ka ƙara ISO, abin da kyamara take yi shi ne irin abin da kake yi wa rediyo sa'ad da tashar ta yi nisa, ka murɗa murya, maganar ta ƙaru, shuu ɗin ma ya ƙaru tare da ita. Ƙarancin haske ne ya haifi yashin, ISO ya fito da shi fili ne kawai.

Akwai kuma asara ta biyu da ba a cika ambata ba. Duk lokacin da ka ninka ISO, iyakar hasken da kyamara za ta iya ɗauka kafin fari ya ƙone tana raguwa da kusan rabi. A garin da farar shadda da farin rawani suke cikin kusan kowane taro, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mataki na farko shi ne ka san lambar tushe ta kyamararka, wato mafi ƙanƙantar lambar da sensa ke aiki da ita ba tare da wata dabara ba. A yawancin kyamarorin Canon da Nikon da Sony 100 ce, a Nikon D850 64 ce, a kyamarorin Olympus da yawa kuma 200. A nan ne hoto ya fi tsabta, launi ya fi cika. Idan ka ga wata lamba a ƙasa da ita mai harafin L, ko waɗansu a can sama masu harafin H, ka bar su, domin lissafi ne kawai kyamarar take yi a kan hoton bayan ta ɗauka, kuma ta L ɗin tana saurin ƙona fari.

Mataki na biyu shi ne ka gano iyakar kyamarar da kanka, kuma a nan nake so a daɗe, domin shi ne aikin da kusan kowa yake tsallakewa. Za ka ji wani yana cewa kada a wuce 800, wani ya ce 6400 ba komai ba ne, kuma kowannensu yana iya yin gaskiya a kan tasa kyamarar. Sensa mai cikakken girma milimita 36 ne a 24, wanda ake kira APS-C kuma kamar 23.5 ne a 15.6, saboda haka na farkon ya ninka na biyun a girman fili fiye da sau biyu, yana kuma tara haske gwargwadon haka. Na wayar hannu kuwa ko farcen ɗan yatsa bai cika kaiwa ba. Shekarun kyamarar ma suna da tasiri, domin sababbin sensa sun rage hayaniyar da lantarkin cikinsu ke ƙarawa.

Gwajin ba ya cin fiye da rabin sa'a. Ka bari sai bayan magariba, ka shiga ɗaki mai ƙwan lantarki ɗaya, irin hasken da za ka tarar a wajen aiki. Ka ɗora kyamara a kan ƙafa uku ko a kan teburi, ka ajiye a gabanta hula mai aikin zare, da farin ƙyalle, da wani abu baƙi kamar jakar fata, idan kuma da wanda zai zauna maka ya fi, domin fatar fuska ita ce alƙali. Ka sa kyamara a kan A ko Av, wato saitin da kai kake zaɓar girman ƙofar haske, ramin da haske ke bi ta cikin gilashi, ita kuma ta zaɓi tsawon lokacin ɗauka, ka tsayar da ƙofar a f/5.6, sannan ka ɗauki hoto a ISO 100, ka ninka zuwa 200, ka sake ɗauka, haka har 12800 ba tare da ka motsa komai ba. Kada ka yanke hukunci a kan ɗan allon bayan kyamara, domin a can komai kyau yake yi. Ka zuba hotunan a kwamfuta, ka duba zaren hular ko har yanzu ana rarrabe shi ɗaya-ɗaya, ka duba baƙar jakar ko ja da kore sun fara fitowa a jikinta, ka duba goshin wanda ya zauna ko ya koma kamar an shafa masa man gyaɗa. Daga nan ka fitar da lamba biyu ka haddace: wadda za ka iya wanke hotonta babba a sa a firam, da wadda ta isa ga hoton da zai ƙare a WhatsApp ko Instagram. Ta biyun takan ninka ta farkon sau biyu ko sau huɗu, domin ƙanƙanta hoto yana haɗiye yashi.

Mataki na uku shi ne tsarin da za ka riƙa bi a wajen aiki, kuma ISO a ƙarshe yake zuwa. Ka fara da tambayar abin da ke motsi, domin ita ce za ta ba ka saurin shota, wato tsawon lokacin da ƙyauren kyamara zai zauna a buɗe. Dattijon da ke zaune ana ɗaurin aure 1/125 na daƙiƙa ya ishe shi. 'Yan mata masu rawa a wajen kamu suna buƙatar 1/250 ko sama. Dokin da aka sako a guje wajen jahi ba ya tsayawa cak a hoto sai a 1/1000. Hannunka ma yana rawa, kuma tsohuwar ƙa'ida ita ce kada saurin shota ya gaza tsawon gilashin, wato gilashi mai milimita 200 yana son 1/200 aƙalla, idan kuma kyamarar APS-C ce ka ƙara rabin wannan a kai ya zama 1/300. Bayan haka ka zaɓi ƙofar haske, wadda masu sana'ar ke kira afaca. Mutum ɗaya kake ɗauka, buɗe ta zuwa f/2 ko f/2.8. Abokan ango ne suka jeru sahu uku, dole ka tsuke ta zuwa f/5.6 ko f/8 don na baya su fito. Waɗannan biyun su kaɗai ne suke yanke yawan hasken da zai sauka a kan sensa. Sai ka kammala da su sannan ka ɗaga ISO har ma'aunin hasken da ke cikin kyamara ya zo tsakiya.

A rana tsaka lissafin yana da sauƙi. Idan rana ta take, f/16 da 1/100 a ISO 100 suna ba da hoto daidai, kuma daga nan kake juya sauran: f/8 da 1/400, ko f/5.6 da 1/800. Ranar Hawan Daushe a Ƙofar Kudu darasi ce cikakkiya a kan wannan, domin hawan yamma ne, ana farawa rana da sauran ƙarfi, ana gamawa ta yi ƙasa, ga kuma ƙurar da kofatai suka tayar tana tare haske. Dawakan ba su rage gudu don rana ta yi sanyi ba, saboda haka 1/1000 ɗin nan ba ta taɓuwa. Abin da zai riƙa hawa shi ne ISO, daga 200 da farko zuwa 400, zuwa 800, kafin a tashi kana iya samun kanka a 1600 ko 3200. Wanda ya ji tsoron lambar ya rage shota zuwa 1/125 zai koma gida da hotuna masu tsabta na dawakan da ba a gane kansu da ƙafafunsu. Yashi yana gyaruwa a kwamfuta, hoton da ya girgiza kuwa sai dai a goge.

A irin wannan wurin, da kuma wuri kamar Kasuwar Kurmi inda taku biyar ke fitar da kai daga rana zuwa lungu mai rumfa, abin da ya fi shi ne ka bar wa kyamara ragamar ISO. Ka sa ta a kan M, ka tsayar da shota da ƙofar haske da hannunka, ka kunna Auto ISO, sannan ka shiga saitinsa ka rubuta masa iyaka, wato lamba ta biyun nan da ka fitar a gwaji. Waɗansu masu hoto suna ganin amfani da shi kasawa ne, ni kuwa ban ga dalilin da zai sa in tsaya murɗa maɓalli ba alhali tawagar hakimi tana wucewa. Abin lura ɗaya ne. Ma'aunin kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani tsaka-tsaki, saboda haka idan fararen riguna suka cika hoton sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage, rigunan su fito toka-toka, fuskoki kuma su nutse. Ka ƙara masa da maɓallin +/- da kamar +0.7 zuwa +1, kana kallon alamar ƙyaftawa da ke nuna inda fari ya ƙone.

Wannan batu na fuska ya cancanci a tsaya a kansa. Kuskuren da na fi gani a hotunan bikin garin nan shi ne a ɗauki hoto a ISO ƙarami ya fito da duhu, da niyyar a haskaka shi daga baya. Fatarmu a ɓangaren inuwar hoto take zama, inda haske ya fi ƙaranci, kuma a can ne yashi mai launi yake kwance. Idan ka ja hasken a kwamfuta, musamman idan JPEG ne wanda ya riga ya zubar da yawancin bayanansa, sai ka ga kumatun amarya sun yi kore-kore da shuɗi-shuɗi. Hoton da aka ɗauka daidai a ISO 3200 ya fi wanda aka ɗauka da duhu a 800 aka ja shi, a yawancin kyamarori, kuma bambancin ya fi fitowa a tsofaffin Canon da ke hannun masu hoto da yawa. Idan aikin mai muhimmanci ne ka ɗauka a RAW, wanda ke ajiye matakan haske dubbai a kowane launi, inda JPEG ke da 256 kacal.

A zauren dina, kafin ka kai hannu ga ISO ka tambayi kanka ko akwai hanyar ƙara haske na gaske. Gilashin da ake sayar da kyamara da shi, mai milimita 18 zuwa 55, idan ka jawo shi ƙarshe ƙofarsa ba ta wuce f/5.6. Gilashi mai milimita 50 da f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a kasuwa, yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan, ma'ana hoton da ya buƙaci ISO 6400 zai samu a 640. Ban san wani sayayya da ke gyara hoton dare da kuɗi kaɗan kamar wannan ba. Haka kuma matsar da ango da amarya taku biyu zuwa ƙarƙashin fitila ya fi duk wani saiti.

Idan da filasha, kada ka mayar da ISO 100 don kawai kana da ita, domin abin da za ka samu shi ne fuskoki masu ƙyalli a cikin baƙin rami, adon zauren da aka kashe wa kuɗi duk ya ɓace. Ka sa ISO tsakanin 800 da 1600, shota a 1/100, ƙofa a f/4, ka juya kan filashar zuwa farin silin don hasken ya dawo a tausashe. Ninka ISO sau huɗu yana ninka nisan da filasha ke kaiwa sau biyu, yana kuma rage mata wahala, batir ya daɗe, ta riƙa cika da wuri tsakanin hoto da hoto. Kada shota ya wuce 1/200 ko 1/250 gwargwadon kyamararka, in ba haka ba gefen hoton zai yi baƙi.

Wutar lantarkin ƙasar nan tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa dogayen ƙwaye da waɗansu fitilun LED masu araha suke ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa ba tare da ido ya gani ba. Idan ka ɗaga ISO don ka samu shota mai sauri a ƙarƙashinsu, za ka ga wani hoton ya yi haske wani ya yi duhu, ko layuka sun ratsa shi. Maganinsa 1/50 ko 1/100. Idan aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, juyawarsa ba lallai ta tsaya daidai a 50 ba, don haka ka ɗauki hoton gwaji ka duba kafin ka ci gaba. Masu bidiyo da ke ɗauka a hoto 25 a daƙiƙa dama a 1/50 suke zama, saboda haka ƙofar haske da ISO da fitila ne kaɗai abin juyawarsu da dare, da rana kuma sai baƙin gilashin rage haske a gaban kyamara.

Abin da ba ya motsi ba ya buƙatar ISO mai yawa ko da duhu ya kai ina. Idan fitilun birni kake son ɗauka daga kan Dutsen Dala bayan magariba, ka kafa ƙafa uku, ka koma lambar tushe, ka sa f/8, ka bar shota a buɗe daƙiƙa goma ko ashirin, ka yi amfani da jinkirin daƙiƙa biyu don kada yatsanka ya girgiza kyamarar. Sensa zai cika da haske kamar ƙoƙon da aka bari a cikin ruwa har ya tara mai yawa. A irin wannan ɗauka zafi yana da illa, domin sensa mai ɗumi yana haifar da nasa ɗigo-ɗigon masu launi, kuma a watan Afrilu da zafin Kano ke kaiwa digiri 40 kyamarar da ta wuni a cikin mota ko ta daɗe tana bidiyo tana buƙatar ta huce tukuna. Akwai saitin rage yashi na doguwar ɗauka, wanda ke sake ɗaukar hoto na biyu da ƙyaure a rufe don ya gano ɗigon ya cire su. Ka kunna shi, amma ka san zai ninka maka lokacin jira. Kada kuma a rikita yashi da ƙura: idan tabo mai duhu yana fitowa a wuri ɗaya a kowane hoto, ya fi bayyana a sararin sama a f/16, to ƙurar hunturu ce ta zauna a kan sensa, sharewa take so.

Mai ɗauka da waya shi ma yana da ISO a sashen Pro na kyamarar wayoyi da yawa, kuma ƙa'idar ba ta canja ba, illa dai iyakarsa tana zuwa da wuri. Saitin dare na waya hotuna da yawa yake ɗauka a jere ya haɗe su wuri ɗaya, wato yana tara haske ne a hankali, shi ya sa yake son ka jingina wayar da bango ko ka riƙe ta da hannu biyu har ya gama ƙirga.

Mataki na ƙarshe ana yin sa ne bayan an tashi daga aiki. Na taɓa kammala dina da ISO a 6400 a kan M, na jefa kyamara a jaka, washegari da hantsi na isa wajen ɗaurin aure a cikin gari a makare, na tarar ana fitowa daga masallaci. Na ɗauki hotuna sun fi ashirin na ango yana gaisawa da iyayensa maza kafin in kalli allon. Babbar rigarsa ta zama farar takarda, aikin wuyan da aka yi wata guda ana yi babu ko alamarsa, kuma ko RAW bai dawo da shi ba, domin ramin da ya cika ya batse ba ya ajiye lissafin abin da ya zube. Sai da na roƙi dattawa suka sake tsayawa a rana. Tun daga ranar, kafin in zuge jaka nakan mayar da ISO kan lambar tushe, in mayar da maɓallin +/- kan sifili, da safe kuma kafin in fita nakan ɗauki hoton bangon tsakar gida ɗaya in duba lambobin da ke ƙasansa.